Shin Albashi Yana Cikin Jini? Darasi Daga Zuru Zuwa Amurka

Gabatarwa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin jama'a, a kasuwa da tasha, har ma a cikin aji, cewa wai kowace ƙabila da abin da aka halicce ta dominsa. A ce waɗannan 'yan kasuwa ne, waɗancan 'yan boko, su kuwa mutanen Zuru aikin soja a jininsu yake. Daga nan sai maganar ta ƙara taku ɗaya, a ce ai shi ya sa wasu suke samun babban albashi, wasu kuma ƙarami. Wannan maƙala za ta ɗora maganar a kan sikelin kimiyya. Ra'ayina shi ne bambancin albashi tsakanin al'umma da al'umma mutane ne suke gina shi da hannunsu, ta hanyar doka da makaranta da abincin da yaro ya ci yana ƙarami, kuma babu wata hujja a ilimin halittu da ta ɗora shi a kan jini. Zan kafa hujja da wurare biyu: ƙasar Zuru tun daga zamanin Turawa, da kuma Amurka, inda aka shafe fiye da shekara 40 ana auna tazarar da ke tsakanin albashin farar fata da na mutanen da ake kira Hisfanik.

Dalilin da ya sa batun ya shafe ka, ya kai ɗalibi, shi ne duk yaron da ya yarda cewa an riga an yanke masa iyaka tun yana ciki, to ya ajiye alƙalami tun kafin a raba takardar jarrabawa.

Albashi biyu a bariki ɗaya

Tun bayan da aka kafa rundunar sojan Ingila ta Afirka ta Yamma a 1897, Turawa suka riƙa zaɓen ƙabilun da za su ɗebi soja daga cikinsu. Suna da wani ra'ayi da suka taho da shi daga Indiya, cewa akwai ƙabilun da aka haifa mayaƙa, akwai kuma waɗanda ba su dace da bindiga ba. Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da maƙwabtansu na ƙasar Zuru, suna cikin waɗanda aka yi wa wannan shaida, aka kuma ɗebe su da yawa. A yaƙin duniya na biyu, runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a dazuzzukan Bama tsakanin 1943 da 1945, kuma mafi yawan dakarunsu daga Nijeriya suka fito.

To, yaya aka biya su? A 2019 aka bankaɗo wata takardar gwamnatin Ingila ta 1945 a kan kuɗin sallama na sojojin da suka yi mata yaƙi daga Afirka. Farar fata mai ƙaramin muƙami zai karɓi sule 10 a kan kowane wata da ya yi yana aiki, baƙar fata mai irin wannan muƙami kuwa sule 3 da sisi. Harsashi bai tambayi launin fatar kowa ba, amma mai biyan kuɗi ya tambaya. Bugu da ƙari, komai jaruntakar sojan ƙasa, iyakarsa samanja. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka fara ba ɗan Nijeriya muƙamin hafsa, kuma sai a 1965 ɗan ƙasa ya fara shugabantar rundunar sojan Nijeriya, wato Janar Aguiyi-Ironsi.

Haka abin yake a aikin farar hula. An raba guraben aikin gwamnati gida biyu, na Turawa da na 'yan Afirka, kowane da ma'aunin albashinsa. A 1902 aka kafa ƙungiyar likitocin gwamnati ta Afirka ta Yamma, aka kuma rubuta a ƙa'idarta cewa sai mai asalin Turai zai shiga, alhali akwai 'yan Afirka da suka yi karatun likita a jami'o'in Birtaniya tare da waɗannan Turawa. A filayen haƙar kuza na Jos kuwa, tsakanin 1942 da 1944, an tilasta wa mutane wajen 100,000 daga lardunan Arewa yin aiki a kan lada ƙanƙane, abin da aka sani da ɗiban gwamna, kuma da yawa sun mutu saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. A 1945 ma'aikatan Nijeriya suka yi yajin aiki na kwana 44, Michael Imoudu yana cikin jagororinsu, saboda tsadar rayuwa ta ci albashinsu, ga shi kuma ana ƙara wa Turawa alawus. Bayan rahoton kwamitin Harragin na 1946 aka sauya wa guraben suna zuwa manyan ma'aikata da ƙananan ma'aikata, aka cire maganar launi daga takarda, amma aka bar wa Turawa wani ƙarin kuɗi da sunan alawus na barin gida.

Yanzu sai mai karatu ya duba abin da ya biyo baya. Ƙasar da a 1945 ɗanta ba ya wuce samanja, ita ce ta haifi Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya zama babban hafsan sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi gwamnan soja a Jihar Bauchi kafin daga baya ya hau sarautar Zuru, da Manjo Janar Tanko Ayuba, wanda ya yi gwamnan soja a Jihar Kaduna. Daga 1945 zuwa 1996 shekara 51 ce, wato uba da ɗa, ko kaka da jika. Duk wanda ya karanta darasin gado a aji ya san cewa ƙwayoyin gadon al'umma guda ba sa sauyawa a cikin wannan ɗan lokaci. Abin da ya sauya shi ne doka, da ƙofar makaranta da aka buɗe.

Ita kanta shaidar da ake yi wa mutanen Zuru ta jarunta tana da dalilai da tarihi zai iya nunawa. Akwai zaman duwatsu da kare kai daga hare-haren neman bayi a ƙarni na 19. Akwai kokawa, da al'adar golmo, inda saurayi zai shafe shekaru yana noma a gonar surukai tare da tsararrakinsa kafin a ba shi mata, abin da ke koyar da juriya da aiki cikin ƙungiya. Akwai kuma harajin Turawa, wanda ake biya da tsabar kuɗi, a ƙasar da ba ta da masana'anta ko tashar jirgin ƙasa, ta yadda bariki ya zama babbar ƙofar samun albashi. Duk waɗannan abubuwa ne da ake koyo ko ake tilasta wa mutum, babu ɗaya da ake haihuwa da shi.

Yadda tazarar take a Amurka

Abin da ya sa zan kai mai karatu Amurka shi ne, a can an daɗe ana rubuta alƙaluma shekara bayan shekara, saboda haka ana iya ganin yadda tazara take motsi. Hisfanik suna ne da gwamnatin Amurka ta fara amfani da shi a hukumance a shekarun 1970 ga mutanen da asalinsu ya fito daga ƙasashe masu magana da harshen Sifaniyanci, kamar Meziko da Kuba da Gwatamala da tsibirin Puerto Rico. A ƙidayar 2020 sun kai miliyan 62, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar. Abin lura a nan shi ne sunan bai nufin launi. A cikinsu akwai fari tas jikan Turawan Sifen, akwai baƙi jikan bayin da aka kwasa daga Afirka, akwai jikokin 'yan asalin nahiyar kamar Maya, akwai kuma waɗanda suka haɗa duka. Tun daga nan maganar jini ta fara samun tasgaro, domin babu jini ɗaya da ya haɗa su.

Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta Amurka tana amfani da abin da ake kira albashin tsakiya. Ma'anarsa, a jera ma'aikata daga mai ƙaramin albashi zuwa mai babba, a ɗauki na wanda ya faɗo a tsakiyar layi. A 1979 albashin tsakiya na mako ga farar fata mai cikakken aiki dala 248 ne, na Hisfanik dala 194, wato kashi 78 cikin 100. A 2000 ya zama dala 590 da dala 399, wato ya sauka zuwa kashi 68. A 2023 kuwa dala 1,138 ne da dala 874, ya sake hawa zuwa kusan kashi 77. Ya kamata a sani cewa a wannan lissafi an haɗa Hisfanik masu farar fata a cikin farare, don haka in an ware su tazarar ta fi haka faɗi.

Alƙaluman suna koya mana abu biyu. Na farko, tazarar tana da taurin kai, domin bayan shekara 44 tana nan kusa da inda ta faro. Na biyu, tana motsi, ta faɗi da maki goma a shekara 21, ta kuma farfaɗo. Abin da ke cikin jini ba ya hawa da sauka haka. An kuwa san abin da ya motsa ta. A shekarun 1980 da 1990 baƙi masu yawa suka shigo daga Meziko da Amurka ta Tsakiya, akasarinsu ba su kammala sakandare ba, a daidai lokacin da masana'antu ke rufewa, ƙungiyoyin ƙwadago ke raunana, darajar mai digiri kuma ke tashi. Daga baya 'ya'yansu da aka haifa a can suka girma suka shiga makaranta. Yawan matasan Hisfanik da ke barin sakandare ba su gama ba ya sauka daga sama da kashi 25 cikin 100 a 2000 zuwa ƙasa da kashi 10 kafin 2020, tazarar albashi kuma ta bi sawu.

Tushen tazarar ma ya yi kama da namu ƙwarai. A ma'adinan jan ƙarfe na Jihar Arizona, a farkon ƙarni na 20, kamfanoni suna da ma'aunin lada biyu a kan aiki ɗaya, na farare da na 'yan Meziko, kamar dai barikin da muka ambata. Dokar ƙwadago ta 1938, wadda ta kafa mafi ƙarancin albashi a Amurka, ta tsame ma'aikatan gona, inda baƙaƙe da 'yan Meziko suka fi yawa, kuma sai a 1966 aka fara shigar da wasunsu. Daga 1942 zuwa 1964 an yi shirin Bracero, wanda a ƙarƙashinsa aka ƙulla kwangila fiye da miliyan 4 ta shigo da 'yan ƙwadagon gona daga Meziko na ɗan lokaci. A Kalifoniya kuma ana ware 'ya'yan 'yan Meziko a makarantu na dabam har sai da kotu ta hana a 1947, a shari'ar da iyalin Mendez suka shigar.

Abin da ilimin halittu ya ce

A 1972 wani masanin gado mai suna Richard Lewontin ya auna bambancin wasu sinadaran jini tsakanin al'ummomin duniya. Ya gano cewa wajen kashi 85 cikin 100 na dukan bambancin gado da ke tsakanin 'yan Adam ana samunsa ne a cikin al'umma guda, tsakanin mutum da maƙwabcinsa. Wajen kashi 8 ne ke tsakanin al'ummomin da ake ɗauka launinsu ɗaya, kuma wajen kashi 6 kawai ke tsakanin manyan rukunonin launi. Binciken da ya biyo baya, har zuwa kammala karanta jerin sinadarin gado na ɗan Adam, wato DNA, a 2003, ya tabbatar da wannan hoto: kowane mutum biyu a duniya sun yi daidai a wajen kashi 99.9 cikin 100 na haruffan wannan jeri. Kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado, domin a nan ɗan Adam ya fi daɗewa. Ke nan mutum biyu daga gari ɗaya a ƙasar Zuru suna iya bambanta a ƙwayoyin gado da yawa fiye da yadda ɗayansu ya bambanta da wani baƙo daga nesa.

Wannan ba ya nufin gado ba shi da tasiri. Tsawo da ƙarfi da saurin fahimta duk gado yana da hannu a cikinsu tsakanin mutum da mutum. Kuskuren shi ne a ɗauki abin da ya bayyana bambancin mutum da mutum a ce shi ne ya bayyana bambancin al'umma da al'umma. Ga misali wanda kowane ɗan manomi zai gane, kuma Lewontin ɗin ya taɓa kawo irinsa. A sussuke dawa daga zangarniyoyin gona ɗaya, a gauraya irin, a raba shi biyu. A shuka rabi a gonar da ta sha taki, rabi a kan fako. A kowace gona wasu karare za su fi wasu tsawo, kuma tunda ƙasarsu ɗaya, wannan bambanci daga iri yake. Amma in aka kwatanta gonakin biyu, aka ga ta farko ta fi ta biyu nesa ba kusa ba, to wannan daga ƙasa yake baki ɗaya, domin irin ɗaya ne. Wanda ya tsaya a bakin fako ya ce irin ne mara kyau, bai san noma ba.

An ga wannan a jikin mutane. Barry Bogin da abokan aikinsa sun auna 'ya'yan ƙabilar Maya da iyayensu suka gudu daga Gwatamala zuwa Amurka, suka kwatanta su da tsararrakinsu da suka rage a gida. A rahotonsu na 2002, waɗanda suka tashi a Amurka sun fi tsawo da sama da santimita 11. An daɗe ana cewa gajarta halittar Maya ce, sai ga tsaftataccen ruwan sha da isasshen abinci da asibiti sun ƙaryata maganar a cikin ƙarni ɗaya na haihuwa.

Yadda tazara ke shiga jiki

A nan ne ilimin halittu yake da babbar gudummawa, domin shi ne ke bayyana dalilin da ya sa tazara ba ta gushewa ranar da aka soke mummunar doka. Ƙwaƙwalwar yaro tana yin mafi saurin girmanta ne a kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu. In a wannan lokaci aka rasa sinadaran gina jiki, ko sinadarin ƙarfe mai gina jini, ko aidin, ko kuma zawo da zazzaɓin cizon sauro suka yi ta kama yaro, sai ya tsumbure, kuma tsumburewar ba ta tsaya a tsawo kaɗai ba. Uba mai ƙaramin lada ba ya iya sayen ƙwai da kifi da magani. Ɗansa ya shiga aji a makare, ya fita da wuri, ya koma ƙwadago mai ƙaramin lada. Mai kallo daga waje sai ya ga talauci yana bin zuriya kamar yadda kama ke bin ta, ya ce gado ne. Gado ne kam, amma ta tukunya ake yin sa.

An gwada wannan a aikace. Daga 1969 zuwa 1977, a ƙauyuka huɗu na Gwatamala, an riƙa ba yaran ƙauyuka biyu wani kunu mai sinadarin gina jiki da ake kira atole, sauran biyun kuma wani abin sha mai zaƙi mara wannan sinadari. Bayan shekaru kusan 30 aka bi sawunsu. A sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2008, mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara biyu suna samun ladan awa da ya ɗara na sauran da kashi 46 cikin 100. A Jamaika kuma, a shekarun 1980, ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar gidajen yaran da suka tsumbure sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna koya wa iyaye mata wasa da hira da yaran. Bayan shekara 20, samun waɗannan yara ya fi na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da wajen kashi 25 cikin 100. Kofin kunu da wasan yara sun motsa albashi ƙwarai.

Masu ja da wannan magana

Wani zai ce, to ai in ilimi da ƙwarewa ne suka kawo bambancin, babu zalunci, kowa ya samu gwargwadon abin da ya iya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma masana tattalin arziki sun auna ta. Tun 1973 Ronald Oaxaca ya fito da hanyar raba tazarar albashi kashi biyu: wanda ilimi da shekarun aiki da wurin zama suka bayyana, da wanda ya rage ba bayani. Da Marie Mora da Alberto Dávila suka yi irin wannan lissafi a rahotonsu na 2018, sun ga cewa ko an daidaita waɗannan abubuwa, a 2016 namiji Hisfanik yana samun ƙasa da takwaransa fari da kusan kashi 15 cikin 100, mace Hisfanik kuwa da kashi 33. Ba duk wannan ragowa ce wariya ba, domin ƙwarewa a Turanci da takardun zama suna da nasu tasiri. Amma akwai gwajin da ya kama wariyar da hannu. A 2004, a birnin New York, Devah Pager da abokan aikinta suka horar da samari, suka ba su takardun neman aiki iri ɗaya, suka tura su wuraren aiki ɗaya. An kira farare a kashi 31 cikin 100 na wuraren, Hisfanik a kashi 25, baƙaƙe a kashi 15.

Sa'an nan ko kashin da ilimi ya bayyana ma, tambaya ba ta ƙare ba. Wa ya gina makaranta a wannan unguwa ya bar waccan? Wa ya hana wannan yaro zama aji ɗaya da wancan har 1947? In an ɗaure wa mutum ƙafa aka ce a yi tsere, gaskiya ne an riga shi isa, amma ba a faɗi dukan labarin ba.

Tazarar da ke gabanmu a yau

A Nijeriya doka ta daina raba albashi da launi. Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko jinsi ko addini ko wurin asali, ya kuma ambaci lada ɗaya ga aiki ɗaya. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 125 a 1981 zuwa naira 18,000 a 2011, naira 30,000 a 2019, da naira 70,000 a 2024. Sai dai dokar ta 2019 ta tsame wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin lokaci-lokaci kamar na gona. Mai karatu zai tuna da dokar Amurka ta 1938. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba sa ƙarƙashin tsarin aiki na hukuma. Ke nan matar da ke cirar ciyawa ko yankan shinkafa a gonar wani, da saurayin da ke lodi a kasuwar Zuru ko ta Ribah, dokar ba ta san da su ba. Haka kuma har yanzu akan ji ana ɗaukar wanda ba ɗan asalin jiha ba a kan kwangila, abokin aikinsa kuma a kan aikin dindindin mai fansho, alhali allo ɗaya suke rubutu a kai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a matsayina na malamin ilimin halittu shi ne wannan. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A Jihar Anambra kashi 14 ne. A Jihar Kebbi kashi 66 ne, mafi yawa a ƙasar baki ɗaya, wato yara biyu cikin uku, a jihar da ake yi wa kirari da shinkafa da kifi. Yaran da aka auna a wancan lokaci yanzu suna makarantun firamare da ƙananan sakandare. A haɗa wannan da rashin tsaro da ya kori ƙauyuka a Danko-Wasagu da Sakaba, da sace ɗalibai a Birnin Yauri a 2021 da a Maga a 2025, wanda ke sa iyaye janye 'ya'yansu, musamman mata, daga makaranta. A nan ake rubuta takardar albashin shekara ta 2045. In ba a yi wani abu ba, ranar da tazarar ta bayyana za a sami mai cewa ai halittarsu ce haka.

Kammalawa

Abin da mutane suka gina, mutane na iya rushe shi, kuma mun ga misali a gida. Tun daga 1993 da aka wajabta sa aidin a gishirin Nijeriya, maƙoƙo ya ragu ƙwarai, aka kuma kare ƙwaƙwalwar miliyoyin jarirai da kuɗi kaɗan. Irin wannan ake bukata ga tsumburewa: shayar da nono zalla wata shida, kunun yara da aka inganta da waken suya da gyaɗa da garin kifi, waɗanda duk ƙasarmu ke samarwa, da rigakafi, da gidan sauro, da ruwa mai tsabta. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 tana da aiki babba a nan. Wajibi ne kuma hukuma ta tsare makarantu, ta kuma faɗaɗa dokar albashi ta kai ga mai ƙwadagon gona.

Ga malamai da ɗalibai kuwa, ina ba da shawarar aiki biyu a wannan zango. Na farko, ku sami dawa ko masara iri ɗaya, ku shuka a tukwane ashirin, goma da taki, goma da rairayi zalla, ku riƙa auna tsawonsu kowane mako, ku fitar da bambancin da ke cikin kowane rukuni da wanda ke tsakanin rukunonin biyu. Na biyu, da izinin shugaban makaranta, ku tambayi masu ƙwadago 30, maza da mata, nawa ake biyansu a yini, wane aiki suke yi, aji nawa suka kai, ba tare da rubuta sunan kowa ba. Ku jera alƙaluman, ku fitar da ladan tsakiya na kowane rukuni, ku ajiye takardar domin 'yan ajin da ke bayanku su maimaita baɗi. Da haka Amurkawa suka san tazararsu, kuma ciwon da ba a auna ba, ba a san ko magani yana ci ba.

Malami kuma ya kiyaye harshensa a cikin aji. Kada ya ce wa yaro lissafi ba na irinku ba ne, kada kuma ya ce wa wani kai dai soja za ka yi kamar kakanka. Aikin soja abin alfahari ne ga wanda ya zaɓe shi, amma ɗan Zuru da 'yar Zuru suna da haƙƙin a buɗe musu ƙofar likitanci da injiniyanci da binciken kimiyya kamar kowa. Kakanninsu sun karɓi sule 3 da sisi a inda wani ya karɓi 10, kuma babu abin da ke cikin jininsu da ya jawo haka.